Zinariyar da ba a sawa a kunne: amsa ga ɗalibar da aka ba aikin allon furotin

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a nan Jidda, ina digiri na biyu a fannin tahlilin jini. Malamar da ke duba aikina ta ce in yi amfani da ƙwayoyin nano na zinariya in haɗa jerin furotin don binciken garkuwar jiki. Na karanta takardu sun fi ashirin, kowacce tana cewa hanyarta ce ta fi, har kaina ya ƙulle. Da na faɗa wa Hajiyarmu a Makka cewa da zinariya zan yi aiki, cewa ta yi in dai ba 'yan kunnenta zan narke ba, Allah ya ba da sa'a. Don Allah a yi mini bayani da Hausa: mene ne amfanin ƙwayoyin a wannan aiki, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki gaishe mini da Hajiya, ki ce mata 'yan kunnenta sun tsira, lissafin yana nan tafe. Abin da ya ƙulle miki kai na san shi. Takardun nan duk da ƙwayar suke buɗe zance, alhali a wurin aiki ƙwayar ce take zuwa daga baya. Don haka ki yi mini haƙuri, da raƙuma zan fara.

A watan Yunin 2012 aka kwantar da wani dattijo ɗan shekara 60 daga Bisha a wani asibiti a nan Jidda. Huhu ya ƙi, ƙoda ta ƙi, Allah ya yi masa rasuwa. Masanin ƙwayoyin cuta ɗan Masar, Ali Mohamed Zaki, ya ware wani bairos daga kakinsa, ya aika wa Ron Fouchier a Rotterdam ta ƙasar Holan, aka tabbatar sabuwar korona ce. Ita ce muka sani da MERS, wadda ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Tambayar da ta hana kowa barci a lokacin ita ce daga ina ta fito. A 2013 Chantal Reusken da abokan aikinta a Holan suka ɗauki guntun furotin da ake kira S1, wato kan ƙayar da bairos ɗin ke maƙale wa tantanin mutum da ita, suka ɗiɗɗiga shi a kan gilashi. Kusa da shi suka ɗiga S1 na SARS, da na OC43, wata korona mai sa mura. Sai suka riƙa zuba ruwan jinin dabbobi a kai: in dabba ta taɓa kamuwa, antibodin da ke jininta, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu, zai manne a ɗigon ya sa shi haske. Na shanu shiru, na tumaki shiru, na awaki shiru. Na raƙuman Oman kuwa, 50 cikin 50 suka haska ɗigon MERS, na tsibiran Kanari 15 cikin 105. Daga baya aka tono jinin raƙuman Sudan da Somaliya da ke ajiye tun 1983, aka tarar da alamar a ciki, aka kuma same ta a raƙuman mahautar Kano. Wato cutar ta daɗe tana yawo a cikin raƙuma, mu ne ba mu sani ba.

Wancan gilashin mai ɗige-ɗige shi ne abin da malamarki ke nufi da jerin furotin. Ni allon furotin nake ce masa, don aikinsa ya yi kama da hatimin da malamai ke zanawa a allo: gida-gida, kowane gida da abin da ke cikinsa, kuma an san mazaunin kowanne. Ki lura da abu biyu. Ɗigon OC43 ba ado ba ne. Raƙuma da shanu suna ɗauke da wata korona 'yar uwarta, kuma kama da wane ba wane ba ne, dole a sami ɗigon da zai nuna cewa jinin bai ruɗe ba. Na biyu, allon da ya amsa tambaya mafi girma da aka yi a ƙasar nan a kan cuta a zamaninmu, babu ƙwayar zinariya ko ɗaya a kansa. Gilashi ne mai shafin naitiroselulos. Ba don in kashe miki gwiwa na faɗi haka ba, sai don ki shiga aikin kina sane da cewa ƙwayar nano magani ce ta wasu matsaloli sanannu. In ba ki da matsalar, ba ki da buƙatar maganin.

Kin saba da ELISA, gwajin jini da ake yi a faranti mai rami 96, kowane rami tambaya ɗaya, kowane rami yana shan ruwan jini kamar maikurolita 100. Allon furotin yana tara tambayoyi ɗaruruwa a filin da bai kai farce ba, da ɗigon jini ɗaya. Roger Ekins na Landan ne ya nuna tun shekarun 1980 cewa ƙanƙantar ɗigo ba ta rage kaifin gwaji, tana iya ƙara shi ma, domin ƙaramin ɗigo ba ya kwashe abin da ake nema daga cikin ruwan, kuma hasken yana taruwa wuri ɗaya. A shekarar 2000 Gavin MacBeath da Stuart Schreiber na Jami'ar Harvard suka buga ɗigo 10,800 a gilashi guda, ɗaya tak ya bambanta da sauran, suka kuma gano shi. Shekara ta zagayo, ɗakin binciken Michael Snyder a Jami'ar Yale ya jera furotin 5,800 na yis. A lokacin an ɗauka an gama, an ce abin da aka yi wa DNA za a yi wa furotin. Ba a yi ba, kuma dalilin rashin yin shi ne ya haifar da maudu'inki.

DNA jarumi ne. Ki busar da shi, ki dafa shi, ki bar shi a aljihun tebur wata guda, yana nan yadda yake. Furotin kuwa aikinsa a naɗinsa yake. Zare ne da aka naɗe shi naɗi na musamman, in naɗin ya warware an gama, kamar farin ƙwai da ya taɓa kasko, ba ya komawa ruwa. Kuma shimfiɗaɗɗen gilashi kasko ne a wurin furotin da yawa: ya sauka a kai, ya baje, ya manne da cikinsa, ya mutu yana nan a wurin. Kina ganin ɗigo, injin ma yana ganin furotin, amma gawa ce. Ko wanda bai mutu ba, akwai maganar yadda ya zauna. Antibodi siffar gwafa gare shi, hannu biyu da ƙafa ɗaya, tsawonsa nanomita 10 zuwa 15, kuma da tafin hannuwan yake kama abin da yake nema. In kin watsa shi a gilashi, wani zai tsaya da ƙafa, wani zai kwanta a gefe, wani zai kife da hannuwa a ƙasa. Wanda ya kife kin biya kuɗinsa a banza.

A nan ƙwayar nano ke shigowa, kuma aikinta na farko kujera ce. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000, ƙwayar da za ki yi aiki da ita kuwa tsakanin 10 ne zuwa 40. Wato ita da furotin kusan sa'anni ne. Furotin da ya hau kan ƙwallo mai girmansa ba ya samun faffaɗan wurin da zai baje, gefe ɗaya kawai yake taɓawa. A 2004 rukunin Jonathan Dordick a Amurka suka ɗora laisozayim, furotin da ke cikin hawaye da farin ƙwai, a kan ƙwayoyin silika masu nanomita 4, da 20, da 100. Wanda ke kan ƙanana ya fi riƙe naɗinsa da ƙarfin aikinsa. Amma kar ki mayar da wannan doka. An gwada fibirinojin, furotin dogo mai sa jini ya daskare, aka ga shi ƙanana ne suka fi lanƙwasa shi. Kowane furotin da halinsa, naki sai kin gwada shi da kanki.

Za ki ga takardu suna ta kurari cewa ƙwayoyi suna ninka fili sau ɗari. Ɗauki biro ki lissafa. In kin shimfiɗa ƙwallaye layi ɗaya, a matse, jimillar fatarsu ta ninka filin da suka zauna a kai sau 3.6 ne, ko manya ne ko ƙanana, kuma rabin ƙasan furotin ba ya isa gare shi da sauƙi. Ninki ɗari sai an tula su tuli, kuma a cikin tuli wanki ba ya fita. Ribar gaskiya ba a yawan fili take ba, a yawan furotin da ya zauna daidai take.

Zinariya ta yi fice ne saboda ƙaunar da ke tsakaninta da farar wuta. Duk sinadarin da ke da kan tayol, wato farar wuta da haidurojin, yana kama zinariya kamun da ya kusa zama walda. Sai ki sami igiya mai tayol a baki ɗaya, a ɗaya bakin ki ɗaura abin da kike so. In furotin ɗinki an ƙera shi da jelar histidin shida (histidin ɗaya ne daga tubalan furotin), kamar yawancin S1 da ake sayarwa, ki sa sinadarin NTA mai riƙe da nikel a bakin igiyar, jelar za ta kama nikel, kowane furotin ya tsaya fuska waje guda kamar sahun salla. In antibodi ne, ki fara shimfiɗa furotin A ko furotin G, su ƙafar gwafa suke kamawa, su bar hannuwa a sama. Akwai bayotin da sitireftabidin, waɗanda kamunsu na daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta ba tare da walda ba. Sai hanyar EDC da NHS, sinadarai biyu masu ɗaure furotin, wadda ɗalibai suka fi so don arha ce kuma tana cikin kowace takarda. Tana ɗaurewa tamau, amma duk inda ta ci karo da laisin, wani tubalin furotin, a jikin furotin nan take kamawa, ko da a tafin hannun ne. Ni ba na hana ta, amma in kika zaɓe ta kar ki rubuta a kundinki cewa kin daidaita zaman furotin, don ba ki daidaita ba.

Aiki na biyu, tazara, shi ne wanda ya fi burge ni, ko da yake ba na jin da shi za ki fara. Joachim Spatz a Jamus ya samo dabarar jera ɗigon zinariya a gilashi kamar ramukan dara, kowane ɗigo bai kai nanomita 8 ba, ƙanƙantar da ƙugiya ɗaya ce tak ta jikin tantani, wadda ake kira intagirin, za ta iya hawa. Abin da yake juyawa tazarar da ke tsakaninsu ce kawai. A 2004 suka nuna cewa in tazarar nanomita 58 ce ko ƙasa da haka, tantani yana zama ya baje ya kafa ƙafa. In ta kai 73, sai ya kasa kamawa, ya yi ta zamewa. Furotin iri ɗaya, gilashi iri ɗaya, nanomita 15 ne suka raba zama da tashi. Ashe tantani ba ya tsayawa ga tambayar me aka ajiye, har awon tazara yake yi. Haka antibodi: rukunin Björn Högberg a Karolinska ta Suwidin sun yi amfani da DNA da aka naɗe kamar tabarma suka kafa antijin biyu, wato abin da antibodi ke kamawa, a tazara daban-daban, suka ga gwafar tana iya haɗa hannu biyu daga nanomita 3 zuwa 17, kuma kamun ya fi ƙarfi wajen 16. Masu ƙera allurar rigakafi suna bin wannan sawu sosai. Irin wannan tambaya ba yadda za a yi ɗigon maikuromita 150 ya amsa ta, a cikinsa furotin miliyoyi ne a cakuɗe. A nan kam ƙwayar nano ba ta da madadi. Sai dai aikin yana son madubin lantarki da ɗaki mai tsabta irin na KAUST da ke Thuwal ko cibiyar nano ta Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, kuma digiri na biyu shekara biyu ne.

Aiki na uku fitila ce, kuma kin riga kin san shi ba tare da kin sani ba. Jan layin da ke fitowa a gwajin juna biyu, da na zazzaɓin cizon sauro, da na korona da muka yi ta yi a 2021, a yawancinsu ba rini ba ne, zinariya ce, ƙwayoyi masu kimanin nanomita 40 da antibodi a jikinsu. Zinariya in ta ƙanƙance haka ba ta zama rawaya. Lantarkin da ke fatarta yana rawa tare da hasken kore, wajen nanomita 520, ya shanye shi, idonki ya ga ja. Michael Faraday ya bayyana irin wannan ruwan a 1857, kuma kwalabensa suna nan a Landan da launinsu. A kan allo kina iya barin zinariyar ta zama ita ce alamar, ki zuba ruwan azurfa a kai, azurfar ta taru a jikin kowace ƙwaya har ɗigon ya yi baƙi. Chad Mirkin na Jami'ar Northwestern ya nuna a 2000 cewa da na'urar sikanin takarda ta ofis ma ana karanta wannan. Ga wanda ke tunanin ɗakin tahlili a Gadarif ko Mai Wurno a Sudan, inda babu injin leza, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ko kuma ki yi shimfiɗar zinariyar a ƙasa ta ƙara wa rini mai ƙyalli haske. Hongjie Dai na Jami'ar Stanford ya yi gilashi mai tsibiran zinariya a 2011, wanda ke ninka ƙyallin da ke kusa da jan da ido ba ya gani har kusan sau 100. Da shi suka yi gwajin antibodin ciwon sukari nau'i na ɗaya a 2014, suka kuma raba Zika da dengi a 2017. Amma akwai tarko a nan da ya ci mutane da yawa. Rinin da ya matso jikin zinariya ƙasa da nanomita 5, zinariyar shanye haskensa take yi, ya mutu murus. Sai ya ɗan ja baya, wajen 10 zuwa 20, sannan take ƙara masa. Wuta ce, a ji ɗuminta daga nesa kaɗan. In kika ga ɗigonki ya dushe bayan kin sa zinariya, kafin ki zargi antibodi ki auna tsawon igiyarki.

Akwai kuma ɗigon kwantam, waɗanda aka ba Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Ekimov kyautar Nobel a kansu a 2023, da ƙwayoyin ƙarfe masu bin maganaɗisu. Ki san da zamansu, ki wuce.

Yanzu lissafin Hajiya. Hanyar da John Turkevich ya wallafa a 1951, Frens ya gyara a 1973, har gobe da ita ake fara koyo. Ki tafasa mililita 100 na ruwan gishirin zinariya mai ƙarfin milimola 1, yana juyawa, ki zuba sodiyam sitiret a tashi ɗaya. Rawayan zai ɓace, ruwan ya yi duhu kamar ya lalace, cikin 'yan mintuna ya rikiɗe ya koma jan zoɓo. Zinariyar da ke cikin kwalbar nan duka miligiram 20 ce, kashi ɗaya cikin hamsin na giram. Mai shago a kasuwar zinariya ta Balad ko ɗora ta a sikeli ba zai yi ba, kuma za ta ishe ki watanni. Abin da zai cinye kuɗin bincikenki antibodi ne da antijin, waɗanda ake sayar da su da maikurogiram. In kin ƙara sitiret ƙwayoyin su ƙanƙance, in kin rage su girma, amma da sun haura nanomita 30 sai girmansu ya fara bambanta, wasu su zama kamar ƙwai. Kwalbar kuwa sai an wanke ta da ruwan sarki, kashi uku asid na haidurokulorik da kashi ɗaya na naitirik, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, kuma kar ki taɓa haɗa shi ke kaɗai a ɗaki.

Bari in ba ki labarin wautata. Farkon shigata wannan aiki, a wani ɗakin bincike da ba sai na faɗi sunansa ba, na dafa zinariya ta yi kyau, na yi ta ɗaukar ta hoto. Sai na ɗauko antibodi a cikin ruwan PBS, ruwan gishirin da ake ajiye furotin a ciki, kamar yadda na saba a ELISA, na tuttula. Kafin in ajiye bututun, zoɓona ya koma shuɗi-shuɗi kamar ruwan marina, da safe ya kwanta baƙi a gindin kwalba. Abin da ya faru shi ne, sitiret ne ke ba kowace ƙwaya caji iri ɗaya, suna ture juna. Gishirin da ke cikin PBS ya rufe cajin, suka rungumi juna, suka dunƙule. Wani ma'aikacin ɗakin, dattijo ɗan Sudan da ya girme ni da shekara ashirin, ya dube ni ya ce, "Ya Dakta, ai amarya ba a kai ta kasuwa sai an lulluɓe ta." Shi ya koya mini gwajin gishiri: ki daidaita tsamin ruwan zuwa wajen 8.5 ko 9 da fotasiyam kabonet, ki jera ƙananan bututu, kowanne ki sa masa antibodi fiye da na bayansa, ki jira minti goma sha biyar, sannan ki zuba ruwan gishiri mai kashi 10 cikin ɗari. Bututun farko da ya tsaya ja, shi ya gaya miki adadin furotin da ke lulluɓe ƙwayar. Gwajin ba ya cin rabin awa, kuma da ido ake karanta shi.

Babban abokin gabarki dai ba gishiri ba ne, jinin kansa ne. A kowace lita ta ruwan jini akwai albumin giram 35 zuwa 50. Abin da kike nema, in irin IL-6 ne, wani furotin saƙo na garkuwar jiki, da fikogiram ake auna shi a mililita. Tsakaninsu ninki ne na biliyoyi. Kamar ki nemi mutum ɗaya a Arfa ne, ranar tsayuwa, kowa da harami. Da ƙwayarki ta shiga jini, cikin daƙiƙoƙi furotin ɗin da suka fi yawa za su yi mata rawani, abin da rukunin Kenneth Dawson na Dublin suka yi wa suna korona a 2007, ba ta da alaƙa da cutar, kalmar kambi take nufi. Rawanin nan yana iya binne antijin ɗinki, yana kuma iya jawo antibodin da ba ruwansa ya manne, ɗigon ya haska ƙarya. Wannan ne dalilin da ya sa gwaji ke yin abin mamaki a ruwan gwaji mai tsabta irin PBS, a rubuta takarda, a kai shi jinin majiyyaci ya watse. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk takardar da ta ba ki iyakar ganowa, wato mafi ƙanƙantar adadin da gwajin ke iya gani, ba ta faɗi a cikin me aka auna ba, ki ajiye ta gefe. Maganin da muke da shi toshe guraben da suka rage ne da BSA, wato albumin na jinin shanu, ko kesin na madara, da saka wa ƙwayar rigar PEG, sinadarin da ke hana furotin mannewa, da tsarma jinin sau 50 ko 100, da ɗan Tween 20, wani irin sabulu, a ruwan wanki. Ba ya kawar da matsalar, rage ta yake yi. Abin dariya, wasu sun mayar da cutar magani: kamfanin Seer a Amurka da gangan yake jefa ƙwayoyi iri-iri cikin jini don kowacce ta yi nata rawanin, sannan a karanta abin da ta kwaso.

Sai yanayin garin nan. Kin ga zoben da gahawa ke bari in ta ɗiga a faranti ta bushe, baki-baki a gefe, fari a tsakiya? Haka ɗigonki zai yi, ruwan da ke ƙafewa yana tura ƙwayoyi zuwa gefe. A waje Jidda laima ce kamar a matse, a cikin ɗaki kuwa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya busar da iska ƙaƙas, ɗigon nanolita ɗaya ya ƙafe kafin ki ƙifta ido. MacBeath gilisarin kashi 40 cikin ɗari ya sa a ruwansa saboda wannan. Ki sami ma'aunin laima ki ajiye kusa da injin ɗiga, ki riƙe ta tsakanin 50 da 60, ki rubuta adadin a littafinki kowace rana. Rabin abin da ɗalibai ke kira sakamako mai ban mamaki, bambancin ranar da aka kunna mukayyif ne da ranar da ya lalace.

Ta ina za ki fara? Da tambayar da jinin garin nan zai iya amsawa. In ni ne ke, dengi zan duba. Tun 1994 take Jidda, tana Makka, tana Jazan, iri huɗu ce, kuma antibodinta yana ruɗewa da na 'yan uwanta. Mutanenmu da ke zuwa daga Nijeriya da Nijar da Sudan suna ɗauke da shaidar rigakafin shawara, ita ma 'yar gidan ce, don haka jininsu yana iya haska ɗigon dengi alhali ba su taɓa yin ta ba. Ga tambaya mai kyau, ta gida, wadda ELISA ɗaya ba ta warwarewa. Ki nemi furotin NS1 na dengi huɗun, da na shawara, da na Zika, shida ke nan. Ki ƙara ɗigon BSA zalla, da ɗigon zinariya tsirara ba furotin, da ɗigon IgG, wato antibodin mutum, da dole ya haska, tara. Kowanne sau uku a warwatse, kar ki jera su gefe ɗaya. Ɗigo 27 sun ishe ki digiri. Sannan ki buga allon nan kashi biyu a rana ɗaya, daga kwalba ɗaya: ɗaya a gilashi mai naitiroselulos irin na masu raƙuma, ɗaya a kan shimfiɗar zinariyarki. Jini ɗaya, wanki ɗaya, hannu ɗaya. In zinariya ta fi, kin san da nawa ta fi. In ba ta fi ba, wannan ma sakamako ne, kuma ki rubuta shi yadda yake ko da malamarki ta ɗan ɓata rai.

Takardar izinin kwamitin ɗa'a ki shigar da ita a makon nan, kafin ki dafa komai, don ita ce ke cin watanni, kuma ba a taɓa jinin mutum sai da ita. Ki nemi jinin da aka riga aka tabbatar da dengi a cikinsa da gwajin PCR, da na masu lafiya, a ba ki su da lamba, wani ya riƙe makullin lambobin har sai kin gama karantawa. Zinariyar farko da kika dafa, ki auna ta a sifekturofotomita, injin da ke auna hasken da ruwa ke shanyewa: in ƙololuwar tana wajen 520 kuma siririya ce, ki sa a firij, ba a firiza ba, ƙanƙara tana dunƙule ta. In ta karkata zuwa 540 da faɗi kamar tudu, ki zubar a kwalbar shara ta sinadarai ki sake wanke tukunya. Ki turo mini hoton layin da injin ya zana, da na bututun gwajin gishirin a jere, mu duba tare.